KOYON TURKANCI BA TARE DA MALAMI BA: ABIN DA MAI NIYYA YA KAMATA YA SANI

A cikin shekarar 1072 wani malami mutumin Kashgar, can tsakiyar nahiyar Asiya, wanda ake kira Mahmud al-Kashgari, ya ɗauki alƙalami ya soma rubuta wani littafi da ya sa wa suna Diwanu Lugatit Turk. A zamanin nan Turkawan Saljuƙ su ne ke riƙe da takobi a Bagadaza. Halifa yana kan gadonsa, amma ƙarfin mulki yana hannunsu, har ya zamana duk Balaraben da ke son ya kai kuka ga masu iko, ko ya yi ciniki da rundunarsu, ba shi da makawa sai ya san harshensu. Ganin haka ne malamin nan ya tattara dubban kalmomin Turkanci ya yi bayaninsu da Larabci, ya haɗa da karin magana da baitoci da taswirar ƙasashen da Turkawa ke zaune, ya miƙa wa Halifa Muƙtadi. Kwafi ɗaya rak ya saura a duniya, wanda aka juya a 1266. Shi ma ya daɗe a ɓoye, sai a farkon ƙarni na 20 wani ma'abocin littattafai mai suna Ali Emiri ya tsince shi a kasuwar masu sayar da tsofaffin littattafai ta Istanbul.

Mun kawo wannan labari ne don mai karatu ya san cewa koyon Turkanci daga littafi ba yau aka fara shi ba, kuma abin da ya sa Larabawan Bagadaza nemansa, watau bukata, shi ne yake sa mutanenmu nemansa a yau.

ME YA KAI MU GA TURKANCI?

Ƙasar Turkawa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Kakanninmu sun san babban birninsu da sunan Santambul. Mai Idris Alooma na Borno ya aika da jakadu zuwa ga Sultan Murad na Uku a cikin shekarun 1570, kuma limaminsa, Ahmad Ibn Fartuwa, ya ambaci Turkawa 'yan bindiga a cikin labarin rundunarsa. Sai dai a wancan zamani Larabci ya isa a yi wasiƙa tsakanin sarakuna. Yau kuwa talaka ne ke tafiya da ƙafarsa, kuma abin da zai tarar a tasha da kasuwa da asibiti shi ne Turkanci zalla.

Masu tafiyar nan iri-iri ne. Akwai ɗalibai, musamman tun daga 2012 da gwamnatin Turkiyya ta haɗa tallafin karatunta na baƙi a ƙarƙashin shiri guda mai suna Türkiye Bursları. Ƙa'idar shirin ita ce wanda bai zo da shaidar ƙwarewa a harshen ba sai ya yi shekara guda yana koyonsa kafin ya shiga karatun da ya kai shi. Shekara guda kuwa ba ta da yawa ga wanda za a ce nan gaba ya saurari laccar likitanci ko ta injiniya da harshen da bai taɓa ji ba. Ɗalibin da ya sauka Ankara da harsashinsa a gine ya riga takwarorinsa da nisa. Akwai fatake masu sarin tufafi a unguwannin Laleli da Merter na Istanbul, waɗanda kuɗinsu ke rataye a bakin tafinta, ba su san abin da ya ƙara ko ya rage ba. Akwai masu kai marasa lafiya asibiti. Akwai kuma ma'aikatan gwamnati da aiki kan haɗa su da kamfanonin Turkawa masu gine-gine.

Harshen yana da masu magana da shi fiye da miliyan 80, galibinsu a Turkiyya, sai arewacin tsibirin Kubrus, da wasu sassan yankin Balkan, da miliyoyin 'yan ci-rani a Jamus da maƙwabtanta. Wanda ya iya shi zai fahimci mutumin Azarbaijan ba da wahala sosai ba, kuma ya sami ƙofar shiga harsunan Turkumawa da Uzbek da Kazak, don duk dangi ɗaya ne.

Matsalar ita ce malamin Turkanci ba ya samuwa a kowane gari. Cibiyar Yunus Emre, wadda ke yaɗa harshen a ƙasashen waje, ta buɗe reshe a Abuja a 2021, amma ma'aikacin da ke Gusau ko ɗalibin da ke Damagaram ba zai bar aikinsa ya tare a can ba. Abin da ya rage masa shi ne littafi da wayar hannu da haƙurinsa. To, shin waɗannan za su wadatar? Amsa ita ce za su kai shi nesa ƙwarai, muddin ya fahimci yadda aka gina harshen tun kafin ya fara haddar kalmomi. Yawancin waɗanda suka fara suka watsar, a nan suka yi kuskure.

HARUFFA 29 DA TARKON DA KE CIKINSU

Abin farko da zai faranta wa mai koyo rai shi ne rubutun. Turkawa sun shafe ƙarnuka suna rubuta harshensu da haruffan Larabci, kamar dai ajaminmu, amma rigar ba ta zauna musu daidai ba. Harshen yana da wasula takwas, har ya zamana harafin wawu shi kaɗai yana ɗaukar nauyin sauti huɗu ko biyar. Bayan kafa Jamhuriya a 1923, Mustafa Kamal Ataturk ya ƙudura sauya rubutun. An ba shi shawarar a bi a hankali cikin shekaru, ya ce sam, cikin watanni za a yi. Ranar 1 ga Nuwamba 1928 majalisa ta zartar da dokar sabbin haruffa, shi da kansa ya riƙa zagaya garuruwa da allo da alli yana koya wa jama'a, aka kuma buɗe makarantun yaƙi da jahilci a farkon 1929.

Amfanin wannan ga mai koyo shi kaɗai ba kaɗan ba ne. Haruffan 29 ne, wasula 8 da baƙaƙe 21, kuma kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne a duk inda ya zo. Wanda ya sha wahalar Ingilishi, inda rubutu ke gabas furuci na yamma, zai sami hutu. Cikin mako guda mutum zai iya karanta jaridar Turkanci da ƙarfi ko da bai san ma'anar kalma ɗaya ba.

Amma fa akwai tarko, kuma Bahaushe ya fi kowa saurin faɗawa cikinsa. Harafin "c" na Turkanci shi ne "j" namu. Kalmar "cami", watau masallaci, "jami" ake furta ta. Sautin "c" namu kuwa da "ç" mai wutsiya suke rubuta shi, kamar a "çay", watau shayi. "Ş" shi ne "sh". "Ğ" mai rawani ba a furta shi, sai dai ya ja wasalin da ya gabace shi, kamar a "dağ", watau dutse mai tsawo.

Sa'an nan sautin "p" da na "f", waɗanda ba su raba ma'ana a Hausa, a can suna rabawa. "Pil" batir ne, "fil" kuwa giwa. Wanda ya shiga kanti bai gyara leɓɓansa ba, sai ya tambayi mai kanti ko yana da giwa ta sa wa tocila.

Mafi wuya su ne wasula uku da babu su a bakinmu. "Ö" ana samunsa in an tattara leɓe kamar za a ce "o" sa'an nan a ce "e". "Ü" kuwa a tattara leɓe kamar za a ce "u" a ce "i". Na uku shi ne "ı" marar ɗigo, wanda ake buɗe leɓe kamar za a ce "i" amma a ja harshe baya. Kada mai koyo ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne. "Ol" na nufin zama, "öl" na nufin mutu. "On" goma ne, "ön" gaba. "Kul" bawa ne, "kül" toka. Littafi ba zai iya sa wa mutum waɗannan sautuka a kunne ba, don haka duk littafin da ba shi da muryar da aka naɗa tare da shi, rabin littafi ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: furucin da aka koya a karkace a watan farko yana da wuyar miƙewa a shekara ta biyu.

YADDA AKA GINA HARSHEN

A nan ne zuciyar maganar take. Turkanci harshe ne na ɗafa-ƙeya. Ana ɗaukar saiwar kalma a riƙa jera mata ƙananan gaɓoɓi a baya, ɗaya bayan ɗaya kamar taragun jirgin ƙasa, kowane da aikinsa. Alal misali "ev" gida ne. "Evler" gidaje. "Evlerim" gidajena. "Evlerimde" a cikin gidajena. "Evlerimden" daga gidajena. Saiwar ba ta motsa ba, ba ta sauya kama ba.

Mai karatu ya tuna irin wahalar da baƙo ke sha da jam'in Hausa: gida gidaje, sarki sarakuna, jirgi jirage, littafi littattafai. A Turkanci jam'i hanya ɗaya gare shi, ko dai "ler" ko "lar". Bugu da ƙari babu jinsi. Kalmar "o" ita ce shi, ita ce ita. Babu "ka" da "ki", babu "naka" da "naki". Babu kuma karin sauti irin namu wanda ke raba ma'anar kalmomi masu rubutu ɗaya. Waɗannan duk kaya ne da aka sauke wa mai koyo.

To, yaya za a san inda za a sa "ler" da inda za a sa "lar"? Wannan ita ce ƙa'idar jituwar wasula, kuma wanda ya riƙe ta ya riƙe mabuɗin harshen. Wasulan nan takwas sun kasu gida biyu. Huɗu na gaban baki ne: e, i, ö, ü. Huɗu na ƙuryar baki: a, ı, o, u. Ɗafa-ƙeya yakan dubi wasalin ƙarshe na kalmar da zai hau, ya bi gidansa. Saboda haka ake cewa "evler" amma "okullar", watau makarantu. Ake cewa "İzmir'de", a Izmir, amma "Kano'da", a Kano. Daga Kano "Kano'dan", zuwa Kano "Kano'ya". Wasu ɗafa-ƙeyan fuska huɗu gare su: "evim" gidana, "kızım" 'yata, "gözüm" idona, "okulum" makarantata. A farko mutum zai riƙa tsayawa yana lissafi, amma in ya yawaita faɗa da ƙarfi, sai bakinsa ya riƙa zaɓa da kansa.

Haka aikatau yake. "Gel" zo. "Geldim" na zo. "Gelmedim" ban zo ba. "Gelemedim" ban sami zuwa ba. "Geleceğim" zan zo. "Gelemeyeceğim" ba zan sami zuwa ba. Jimlar da Bahaushe zai faɗa da kalmomi biyar, Baturke ya dunƙule ta a kalma guda. Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa haddar kalmomi kaɗai ba ta fid da kowa. Wanda ya ci karo da "gelemeyeceğim" a jarida, in ya duba ƙamus ba zai same ta ba har abada. Dole ya iya kwance taragun ɗaya bayan ɗaya har ya isa ga "gelmek", wadda ita ce ke cikin ƙamus. Saboda haka koyon ɗafa-ƙeya shi ne koyon Turkanci.

Abu na gaba shi ne tsarin jimla. Aikatau a ƙarshe yake zuwa. "Ali çarşıya gitti" na nufin Ali ya tafi kasuwa, amma in aka bi kalma-kalma, cewa aka yi Ali, kasuwa zuwa, ya tafi. Masu jin Barbarci za su ga abin da suka saba, don shi ma aikatau a ƙarshe yake ajiye shi, ko da yake harsunan biyu ba dangi ba ne. Inda abin ke ɗaure kai shi ne a doguwar jimla. Bahaushe yakan ambaci abu sa'an nan ya siffanta shi: mutumin da ya zo jiya. Baturke sai ya gama siffantawa kafin ya ambata: "dün gelen adam", watau jiya, mai zuwa, mutum. Littafin da na karanta, "okuduğum kitap". A rubutun jarida da na ofis akan jera irin waɗannan har layi uku kafin a isa ga aikatau. Dabarar da ta fi amfani ita ce a fara neman ƙarshen jimla, a san abin da aka yi da wanda ya yi, sa'an nan a komo baya a hankali.

GUZURIN DA BAHAUSHE YA RIGA YA TANADA

Kada duk wannan ya karya wa mai niyya gwiwa, domin yana da guzurin da Bature ba shi da shi. Hausa da Turkanci sun sha daga rijiya ɗaya, watau Larabci. Wanda ya ji "haber" zai tuna labari, "kalem" alƙalami, "dünya" duniya, "zaman" zamani, "tarih" tarihi, "siyaset" siyasa, "adalet" adalci, "niyet" niyya, "fayda" fa'ida, "hikâye" hikaya, "cuma" Juma'a. Wanda ya yi karatun zaure zai tsinci ɗaruruwan irinsu. Mutanen Nijar da Cadi da Kamaru kuwa suna da ƙari, don Turkanci ya ari kalmomi da dama daga Faransanci, kamar "şoför" direba, da "lise" makarantar sakandare, da "istasyon" tasha.

Sai dai a yi hattara, don wasu kalmomin sun sauya riga a hanya. "Hâkim" a can alƙali ne, ba hakimi ba. "Misafir" baƙo ne, ba matafiyi ba. "Cevap" amsa ce, ba jawabi ba. Abin mamaki kuma, manyan kalmomin ibada ta hanyar Farisanci suka shigo musu: salla "namaz", alwala "abdest", azumi "oruç", annabi "peygamber". Har wa yau, Hukumar Harshen Turkanci da aka kafa a 1932 ta daɗe tana maye gurbin kalmomin Larabci da na asalin Turkanci. "Mektep" ta koma "okul", "muallim" ya koma "öğretmen", "tayyare" ya koma "uçak". Wanda ya yi karatu da tsohon littafi zai iya buɗe baki a Istanbul matasa su ji kamar kakansu ke magana.

Akwai kuma wuraren da tunanin harsunan biyu ya zo ɗaya. "Var" da "yok" su ne akwai da babu, ba ragi ba ƙari. "Param yok" ba ni da kuɗi, a zahiri kuɗina babu. Bambancin "kitap okudum" da "kitabı okudum" shi ne bambancin na karanta littafi da na karanta littafin. Akwai wani ɗafa-ƙeya, "miş", wanda littattafan Turawa kan ɓata shafuka suna bayaninsa, alhali Bahaushe yana da shi a aljihu. "Geldi" ya zo, na tabbata. "Gelmiş" wai ya zo, ko kuwa ashe ya zo. Wanda ya san aikin "wai" da "ashe" ya gama da wannan darasi.

Ta fuskar ladabi ma haka ne. Turkawa mutane ne masu gaisuwa. In sun tarar da mai aiki sai su ce "kolay gelsin", daidai da sannu da aikinmu. Ga marar lafiya "geçmiş olsun", watau Allah ya sawwaƙe. Ga baƙo "hoş geldiniz", shi kuma ya amsa "hoş bulduk". Babba ana kiransa "siz", kamar yadda muke ce wa dattijo "ku", tsara kuwa "sen". Wanda ya girme ka kaɗan "abi" ne ko "abla", sa'an uba "amca", sa'ar uwa "teyze", malami "hocam". Bahaushe ba sai an koya masa amfanin waɗannan ba, kalmomin kawai yake bukata.

WANE LITTAFI ZA A RIƘE?

Littattafan koyon Turkanci sun kasu biyu, kuma rashin sanin wannan ya sa mutane da yawa asara. Kashi na farko su ne waɗanda aka rubuta a Turkiyya domin aji, kamar Yeni Hitit na cibiyar TÖMER ta Jami'ar Ankara, wadda aka kafa a 1984, da jerin İstanbul na Jami'ar Istanbul, da Yedi İklim Türkçe na Cibiyar Yunus Emre. Littattafai ne nagari, an jera su hawa-hawa bisa ma'aunin Turai da ke farawa daga A1, kuma irinsu ɗalibi zai tarar in ya isa can. Amma daga bango zuwa bango Turkanci ne, don an rubuta su ne da zaton akwai malami a tsaye yana bayani. Wanda ya fara da su shi kaɗai zai yi ta kallon hotuna.

Kashi na biyu su ne masu bayani da harshen da mutum ya riga ya sani. A Ingilishi, Farfesa Geoffrey Lewis na Jami'ar Oxford ya fitar da Teach Yourself Turkish a 1953, da Turkish Grammar a 1967. Bayaninsa a fili yake, ko da yake wasu kalmominsa sun tsufa. Nahawun da Aslı Göksel da Celia Kerslake suka wallafa a 2005 ya fi dacewa da harshen yau, amma na dubawa ne in an sami matsala, ba na karantawa daga farko ba. Cibiyar horar da jami'an jakadancin Amurka ta fitar da darussanta na Turkanci a 1966 tare da muryoyin da aka naɗa, ana kuma samunsu kyauta a intanet. Suna da gundura, don maimaici ne tsagwaronsa, amma wannan maimaicin ne ke zaunar da jituwar wasula a baki. Ta wajen ƙamus, akwai na Redhouse tsakanin Turkanci da Ingilishi, akwai kuma na Hukumar Harshen Turkanci wanda ake dubawa kyauta a intanet.

Manhajojin waya irin su Duolingo suna da amfaninsu. Suna sa mutum ya riƙa taɓa harshen kullum, suna kuma ba da murya. Amma ba su cika bayyana dalilin da ya sa kalma ta sauya ba, Turkanci kuwa harshe ne na dalili. A ɗauke su a matsayin abin taɓa baki, littafi shi ne tuwon.

Shawarar da za mu bayar ita ce a riƙi littafi ɗaya daga kashi na biyu a bi shi daga darasin farko zuwa na ƙarshe, sa'an nan a koma ga na kashi na farko domin atisaye. Taura biyu ba ta taunuwa. A yau cutar masu koyo ita ce tara littattafai hamsin a waya, a karanta shafi goma na kowane.

TSARIN AIKI DA WURAREN TUNTUƁE

Wane tsawon lokaci abin zai ɗauka? Cibiyar nan ta Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana bukatar kimanin mako 44, watau awa 1,100 a aji, kafin ya iya aiki da Turkanci. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: awa ɗaya a rana, shekara uku ke nan, awa biyu kuwa shekara ɗaya da rabi. Wannan fa na mai son ya yi aikin ofis da harshen ne. Abin gaisuwa da ciniki da tambayar hanya bai kai rubu'in haka ba. Duk wanda ya yi alkawarin ƙwarewa cikin kwana talatin, kuɗin mutum yake so.

Ma'aikacin da ke tashi ofis da yamma, ko ɗalibin da ke da nasa karatun, zai fi cin riba in ya ware awa guda kullum a lokacin da ba ya sauyawa, kamar bayan sallar asuba. Minti talatin kullum ya fi awa biyar ranar Asabar. Watan farko a ba da shi ga haruffa da sauti da gaisuwa da ƙidaya. Daga nan a shiga nahawu, darasi ɗaya a mako, kada a wuce sai an iya ƙirƙirar jimloli goma na kai da abin da aka koya. A tanadi littafin rubutu, a riƙa rubuta ma'ana da Hausa kai tsaye, don bi ta Ingilishi kafin a iso Hausa zagaye ne, kuma kamar yadda muka gani, wani lokaci Hausa ce ta fi kusa. Kowace kalma a rubuta ta cikin jimla, da ɗafa-ƙeyanta a jiki. A riƙa karantawa da ƙarfi, a naɗi murya a waya, a gwada da ta Baturke.

Bayan wata shida sai a fara fita daga littafin darasi. Tashar yara ta TRT Çocuk tana magana da harshe mai sauƙi. Kafar TRT Afrika, wadda aka buɗe a 2023, tana da sashen Hausa, don haka mutum zai iya karanta labarin wani al'amari da Hausa, sa'an nan ya nemi labarin al'amarin a jaridar Turkanci ya gwada kansa. Wasannin kwaikwayo na talabijin suna horar da kunne ƙwarai, amma wanda aka riga aka mayar da shi Hausa ba zai koya wa kowa Turkanci ba. A kuma lura cewa wasannin tarihi irin su Diriliş Ertuğrul, wanda aka nuna daga 2014 zuwa 2019, cike suke da maganar fada da ta fagen fama. Wasan da ke nuna zaman gida da kasuwa na yau ya fi amfani ga mai koyo.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne tsakiyar tafiya. Watannin farko suna da daɗi, kullum mutum yana ganin ci gaba. Da an iso ga dogayen jimlolin nan masu siffantawa kafin ambato, sai tafiya ta yi nauyi, mutum ya ga kamar ya tsaya cik. A nan ne akasari ake ajiye littafi. Maganinsa shi ne a rage gudu, a ɗauki sakin layi ɗaya a rana a warware shi gaɓa-gaɓa, a kuma yarda cewa kowa ya bi ta wannan kwazazzabo.

Daga ƙarshe, wajibi ne mu faɗi iyakar littafi. Littafi ba ya jin kuskuren mai karanta shi, ba ya kuma mayar da magana. Mutum zai iya karanta jarida sarai amma ya daskare in Baturke ya tambaye shi sunansa. Saboda haka tun daga wata na uku a nemi abokin magana: ɗalibin da ya dawo daga can, ko Baturke ma'aikacin kamfani a gari, ko wanda za a riƙa musayar murya da shi ta waya. Kada kunyar kuskure ta hana, matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma ke son shaidar da jami'a ko ofis za su karɓa, sai ya zauna jarrabawar ƙwarewa irin wadda Cibiyar Yunus Emre ke shiryawa, don ita ce za ta gaya masa gaskiyar inda ya kai.

Mahmud al-Kashgari ya yi wa mutanen zamaninsa littafi ɗaya, na hannu, wanda sai mai gata ke ganinsa. Ɗalibin yau yana da nahawu da ƙamus da muryar Turkawa a cikin aljihun rigarsa. Abin da ya saura masa shi ne ya zaɓi littafi guda, ya tsai da lokaci, ya fara gobe da asuba da haruffan nan 29. Allah ya ba mai nema sa'a.